Gidigir: Abin da mai hayar shago ya kamata ya sani kafin a ce masa ya tashi

Duk wanda ya san garin Gidigir da ke kan hanyar Damagaram zuwa Gure, ya san kasuwa ce ke riƙe da shi. Fataken dabbobi da na kanwa da dabino kan zo daga nesa, wasu ma daga Najeriya, shi ya sa shago ko ɗakin ajiya a bakin kasuwa ke da daraja. Sai dai mafi yawan hayar da baki ake ƙulla ta. Mace za ta shekara biyar tana tuwon sayarwa a wuri guda, ranar da wani ya yi tayin ƙarin jaka biyu, sai mai shago ya ce ta kwashe tukwanenta.

To, doka ba ta yarda da haka ba. Nijar na cikin ƙasashe 17 na ƙungiyar OHADA masu dokar kasuwanci iri ɗaya. Dokar 1997 ta taƙaita sha'anin hayar shago ga garuruwan da suka haura mutum 5,000, amma gyaran da aka yi mata a Lome a Disambar 2010 ya cire wannan iyaka. Yanzu birni da ƙauye duk ɗaya ne, kuma ko ba a rubuta ba, haya haya ce.

Idan ba a sa wa'adi ba, wanda ke son rabuwa sai ya ba ɗayan sanarwar wata 6. Ɗan hayar da ya shekara 2 yana sana'arsa, yana cika sharuɗɗa, yana da haƙƙin a sabunta masa. Mai shagon da ya ƙi ba tare da hujja ba, sai ya biya diyya. Ko bashin kuɗin haya ne, ba a fasa ƙofa a watsar da kaya: gargaɗin wata guda ake bayarwa a rubuce, sannan a je gaban alƙali. Babban gyara, irin na rufi da bango, yana wuyan mai shago.

Shi ma ɗan haya da nasa nauyin. Ya biya a kan lokaci, kada ya sauya sana'ar da aka amince da ita ba da sanin mai wuri ba, kada kuma ya ba wani hayar shagon sai da izini.

Ta ɓangaren hukuma, mai ba da haya yana da harajin gini a kansa, ɗan kasuwa kuma yana buƙatar rajistar kasuwanci da lambar haraji ta NIF. Rumfunan cikin kasuwa kuwa, ma'aikatar magajin gari ce ke karɓar kuɗinsu.

Saboda haka 'yan kasuwa, maza da mata, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, a sa kuɗi da rana. Duk wata kuma a karɓi takardar biya a adana, domin ranar da gardama ta tashi, ita alƙali zai fara tambaya.