Kafin a rataya keke a bayan mota mai ɗaki

Daga watan Mayu har ƙarshen Satumba, manyan titunan Turai sukan cika da wasu fararen motoci masu siffar akwati, kowacce da gado da wurin girki da banɗaki a cikinta. Mai irin wannan mota yakan taso daga Jamus ko Holan ko Ingila ya nufi bakin teku a Faransa ko Sifaniya ko Italiya, inda dare ya riske shi nan ne masaukinsa. A Jamus kaɗai, motocin da aka yi wa rajista a wannan rukuni sun haura 900,000 a farkon shekarar 2024. Duk wanda ya tsaya ya ƙare musu kallo zai lura cewa da wuya biyu ko uku su wuce bai ga kekuna a rataye a bayan ɗaya ba.

Larura ce ta kawo haka. Motar takan kai mita 7 a tsawo, faɗinta ya haura mita 2, tsayinta ya tasam ma mita 3, alhali tsofaffin garuruwan Turai an gina lungunansu tun kafin a san mota. Wuraren ajiye motoci da yawa an gitta musu ƙarfe a ƙofa, duk abin da ya fi mita 2 tsayi ba zai shige ba. Biranen Italiya suna da unguwannin da aka haramta wa baƙuwar mota, kyamara ce ke gadinsu, takardar tara kuma ta biyo mutum har gida. Faransa da Jamus suna da yankunan da sai mota mai takardar shaidar ƙarancin hayaƙi take shiga. Don haka zangon da ake kwana yakan kasance a bayan gari, kilomita uku ko biyar daga kasuwa. Kuma wanda ya riga ya daidaita motarsa, ya jona wuta, ya kafa rumfa, ya fito da kujeru, ba zai so ya kwashe duk wannan don sayen burodin safe ba. Keke ne ke kai shi kasuwa, da bakin ruwa, da tashar jirgin ƙasa.

Abin da ke damuna shi ne yadda mutane da yawa suke fara zaɓen keken daga shago, su kalli launi da yawan giya da girman batir, su biya, sannan daga baya su tambayi motar ko za ta iya ɗauka. A ganina an juya abin ne. A kan sikeli ya kamata a fara.

Lasisin tuƙi na gama-gari a ƙasashen Turai yana ba mutum damar tuƙa motar da nauyinta da kayanta bai wuce kilo 3,500 ba. A Birtaniya, waɗanda suka ci jarrabawar tuƙi kafin 1 ga Janairun 1997 suna da sassauci har kilo 7,500, amma sauran jama'a sai sun sake wani gwajin. Wannan ya sa kamfanoni suke ƙera yawancin motocin a kan iyakar 3,500. Nauyin da suke rubutawa na motar da ba a loda ba ya haɗa da direba, wanda ake ƙiyasta shi kilo 75, da man da ke tanki, kuma doka ta yarda nauyin gaskiya ya saɓa da na takarda da kashi 5 cikin 100. A motar da aka rubuta wa kilo 3,000, wannan saɓani zai iya cinye kilo 150 tun ba a saka ko cokali ba. Ragowar da ake barin mai mota da ita sau da yawa kilo 400 ce zuwa 500, wani lokaci ma ba ta kai ba. Daga ciki za a cire abokin tafiya, da ruwa, wanda kowace lita kilo guda ce, tankin lita 100 ya zama kilo 100 ke nan, da tukunyar gas, da abinci, da tufafi, da rumfa, da farantin sola. Abin da ya rage bayan wannan shi ne rabon kekuna.

Keken gari na yau da kullum yakan kai kilo 13 zuwa 17. Keken lantarki kuwa yawanci tsakanin kilo 22 da 28 yake. Biyu daga cikinsu, haɗe da maratayin da za a ɗora su a kai da makullai, sun doshi kilo 70 ko 80. Wani zai ce ai kilo 80 nauyin mutum ɗaya ne, me zai yi wa motar da ta haura tan uku? Inda aka ɗora nauyin ne matsalar. Jikin irin wannan mota yakan zarce tayoyin baya da nisa, maratayin kuma yana can ƙarshen ƙarshe. A ɗauka tsakanin tayoyin gaba da na baya mita 4 ne, kekunan kuma suna mita 2 a bayan tayoyin baya. Kilo 80 ɗin nan zai danna tayoyin baya da nauyin kilo 120, ya kuma ɗage kilo 40 daga kan na gaba. Lissafin ba wuya: a haɗa mita 4 da mita 2, a ninka da 80, a raba da 4.

Wannan ragi na gaba ba ƙaramin abu ba ne, domin mafi yawan motocin an gina su ne a kan Fiat Ducato da ire-irenta, waɗanda tayoyin gaba ne suke ja kuma su ne suke juya mota. Idan gaba ya yi sauƙi, sitiyari yakan yi sako-sako a hannu, iskar da babbar mota ta kaɗo ta riƙa jan motar gefe, a kan jiƙaƙƙiyar ciyawar zango kuma tayoyin su yi ta juyawa a wuri ɗaya. A jikin ƙofa ko ƙarƙashin murfin inji akwai ɗan farantin ƙarfe da aka buga wa lambobi, cikinsu har da iyakar abin da tayoyin gaba za su ɗauka da iyakar na baya, kowanne dabam. Idan jami'an hanya suka hau da mota kan sikeli, duka biyun suke dubawa. Mutum zai iya zama bai kai 3,500 ba a jimla, amma ya karya doka a tayoyin baya. Shi ya sa masu gogewa suke loda motar kamar ranar tafiya, da ruwanta da gas ɗinta da mutanenta, su kai ta sikelin manyan motoci, a auna gaba, a auna baya, kafin su je ko kallon keke.

Maratayin ma yana da tasa iyakar. Waɗanda ake ɗaurewa a bangon baya, irin na Fiamma ta Italiya ko Thule ta Suwidin, da yawansu kilo 60 suke ɗauka, kuma bangon motar ba ƙarfe ne mai kauri ba, siririn falle ne da soso a tsakiya. Kekunan lantarki biyu suna dab da cike wannan awo, don haka ake cire baturansu, kowanne kilo uku ko makamancin haka, a shigar da su ciki. Sai kuma abin da takardar kamfani ba ta faɗa: maratayin yakan kai ƙirjin mutum ko ya fi. Masu waɗannan motoci da dama dattawa ne da suka yi ritaya. A ce wa mai shekara 68 ya ɗaga kilo 25 zuwa kafaɗa, ya riƙe shi da hannu ɗaya yana laluben maɗauri da ɗayan, feda tana sarƙewa da silin ɗaya keken, ga yayyafi, a yi haka safe da yamma. Ba a daɗewa keken yake zama kayan kallo a bayan mota. Akwai maratayi mai sauka ƙasa idan an murza hannu, akwai kuma wanda ake ɗorawa a kan ƙugiyar jan tirela, wanda bai fi gwiwa da yawa ba, sai dai kowannensu yana zuwa da nasa ƙarin nauyi da ƙarin kuɗi. Wasu motocin suna da babban ɗakin kaya a ƙarƙashin gadon baya, kekuna su shige ciki su tsira daga ruwa da idon ɓarawo. Mai irin wannan sai ya auna tsayin ƙofar da awo, ya tafi shago da lambar a aljihu.

Keke mai naɗewa ya warware rabin waɗannan matsaloli. Brompton, wanda Andrew Ritchie ya ƙirƙiro a Landan a 1975, bai wuce kilo 12 ko kusa da haka ba, idan an naɗe shi kuma tsawonsa da tsayinsa duk wajen santimita 60 ne. Yana shiga ƙarƙashin teburi, ana hawa jirgin ƙasa da shi. Amma tayarsa inci 16 ce, kowane rami da kowane dutse sai ya ji shi a jikinsa, tsofaffin titunan Turai kuwa da yawa da duwatsu aka shimfiɗa su. Ga tsada. Masu taya inci 20, irin na Dahon da Tern, sun fi natsuwa a kan tsakuwa, ko da yake sun fi cin wuri. Wanda burinsa kasuwa da yawon cikin gari ne, mai naɗewa ya ishe shi. Wanda ke son yinin kilomita 50 zai fi jin daɗin babbar taya.

Ke nan sai an san inda aka dosa. Hanyar keke ta kogin Loire a Faransa, mai kusan kilomita 900, da ta kogin Danube daga Passau zuwa Biyana, mai sama da kilomita 300, shimfiɗaɗɗu ne, kusan babu hawa. A irin waɗannan wurare ni ban ga abin da ya fi keke mai sauƙi ba: giya bakwai ko takwas, kariya a baya, murfin taya saboda taɓo, fitila, da ƙafar jingina. Ga wanda ya tashi da Raleigh ko Phoenix, siffar ke nan da ya sani, sai dai an rage mata ƙarfe an ƙara mata giya. Keken tsere kuwa, duk da rashin nauyinsa, ba shi da inda za a ɗaura ledar cefane. Amma idan tafiyar ta tsaunukan Alps ce, ko garuruwan Toskana da aka gina a kan tuddai, ko gwiwa ta fara ciwo, to batir ya cancanci nauyinsa. Akwai wata dabara da nake ganin ba a ba ta haƙƙinta: miji da mata su ɗauki na lantarki ɗaya da na ƙafa ɗaya. Nauyi ya ragu, mai ƙarancin ƙarfi kuma ya daina zama a baya yana haki.

Na lantarkin yana da dokarsa. A Tarayyar Turai ana ɗaukarsa a matsayin keke ne idan ƙarfin injinsa bai wuce wat 250 ba, yana taimakawa ne kawai lokacin da ake taka feda, kuma yana janye taimakon da an kai gudun kilomita 25 a awa. Wanda ke kaiwa 45 ya shiga sahun babur, sai da lamba da inshora da hular kwano. A Amurka an yarda da inji har wat 750, don haka keken da aka saya can, ko aka yi odarsa ta intanet ba tare da bincike ba, zai iya zama babur marar rajista a titin Faransa. Cajinsa ma abin lissafi ne. Batirin keke yakan ɗauki wat-awa 500, batirin ɗakin motar mai ƙarfin bolt 12 da amfiya-awa 100 kuwa wat-awa 1,200 yake riƙewa, kuma idan irin na dalma ne rabi kawai ake so a sha. Cajin keke ɗaya ya kusa kwashe wannan rabin, a kwana babu fitila babu famfon ruwa. A zangon da ke da wutar jonawa babu damuwa, a daji kuwa sai da sola mai ƙarfi. Ba a cajin batirin a sanyin da ruwa ke daskarewa, ba a barinsa cikin rufaffiyar mota a ranar Yuli, ba a kuma kwana a bar shi a jone a ƙarƙashin gado. Wanda zai tafi ta sama ya yi hayar mota a can ya sani cewa kamfanonin jiragen sama ba sa karɓar batirin da ya wuce wat-awa 160, gara ya yi hayar keken a inda ya sauka.

Da zarar kekuna sun zarce bayan mota, kowace ƙasa da abin da take nema. Italiya da Sifaniya suna buƙatar allo mai ƙyalli, santimita 50 kowane gefe, mai ratsin ja da fari a karkace, kuma zanen na ƙasashen biyu ba iri ɗaya ba ne, shi ya sa ake sayar da allo mai fuska biyu. A Jamus, kayan da suka zarce da fiye da mita ɗaya sai an saka musu jar alama. Ko'ina ne kuma, idan keke ko rigarsa ta rufe lambar mota ko fitilun baya, dole a ƙara wasu. Jiragen ruwa masu ƙetarar da motoci, kamar na Dover zuwa Calais, da tsawo suke yanka kuɗi, kuma maratayin yana cikin awon. Mahayin ma da nasa: a Faransa hular kwano wajibi ce ga yaro ƙasa da shekara 12 tun 2017, kuma an hana sa abin sauraro a kunne, a Sifaniya kuwa babba ma sai ya sa hula da zarar ya fita daga gari.

Saura gyara da sata. Keken da injinsa na Bosch ne ko Shimano yana samun mai gyara a kusan kowane babban gari na Turai, wanda ba a san kamfaninsa ba kuwa cajarsa kawai ta lalace, hutun ya ƙare masa. Taya mai inci 26 ko 28 ana samunta a kowane shagon Decathlon. Ta Brompton fa, duk da sunan inci 16, ba girmanta ɗaya da ta keken yara mai wannan suna ba, ɗaya milimita 349 ce ɗaya 305, don haka mai shi ya tafi da tasa ta ajiya. Keke mai tsada a rataye a waje, a wurin hutawa na babbar hanya da dare, yana jan ido, kuma inshorar mota ba lallai ta haɗa da shi ba sai an tambaya an gani a rubuce. Turawan da suke ƙetarawa daga Aljesiras zuwa Tanja su yi hunturu a yankin Agadir na Maroko sukan gamu da wasu abokan hamayyar: ƙaya, da ƙura, da iskar teku mai gishiri da ke cin sarƙa. Masu zuwa can sukan sa taya mai kauri wadda ƙaya ba ta saurin hudawa, su rufe kekunan da riga, su kuma riƙe kayan faci da famfon da bakinsa ya dace da bawul ɗin tayarsu, domin bawul ɗin keke iri uku ne, ba kowane famfo ke kama dukansu ba.