Likitan dabbobi da tsohon muzuru

A Sakkwato in aka ce likitan dabbobi, hankali kan tafi wajen kasuwar Kara ne: shanun Gudali, raƙuma, ragunan layya, da jar akuyar nan da fatarta ta daɗe tana ƙetare Sahara har Turawa suka riƙa kiranta fatar Maroko. A kan waɗannan aka gina sana'ar, kuma su ne ke ciyar da mai ita. Kyanwa ita ce ta ƙarshe a layi. Ba a sayar da ita, ba a yanka ta, ba a ba da ita a sadaki, don haka mutane da yawa ba su ga dalilin kai ta asibiti ba.

Amma ana koyar da aikinta. Jami'ar Usmanu Danfodiyo, wadda aka kafa a 1975, tana da tsangayar likitancin dabbobi da asibitin koyarwa, inda ɗalibi ke shafe shekara shida kafin ya fito ya yi rajista da majalisar likitocin dabbobi ta ƙasa. A cikin shekarun nan sai ya bi ta sashen ƙananan dabbobi, wato karnuka da kyanwoyi, ko da burinsa gonar kaji ne. Akwai kuma asibitin dabbobi na jiha a titin Aliyu Jodi, da 'yan asibitoci masu zaman kansu.

Wanda ake kawowa galibi ba ɗan kyanwa mai laushin gashi ba ne. Tsohon muzuru ne da ya yi rayuwarsa a bayan mahauta ko cikin kwata, wata rana ya faɗo wani gida ta katanga, uwar gida ta zuba masa sauran tuwo da kan kifi, ya mai da wurin masauki. Yara sun saba da shi, ɓeraye sun yi ƙaura daga ɗakin ajiya, ana so a riƙe shi. Matsalar ita ce fitsarin da yake fesawa a jikin bango da buhunan hatsi, mai warin da omo ba ya fitarwa, da kukan dare, da ɓacewar kwana uku ya dawo da kunne a yage. Sai a cusa shi cikin buhu ko kwali a ɗora a babur. "Likita, muzurun ga ya ishe mu, amma ba mu son yasar da shi. A dandaƙe muna shi."

Mai wannan magana yana tuna yadda ake mai da bunsuru taure ne. Wancan tsohon aiki ne da makiyaya suka iya tun kafin asibiti, daga baya aka kawo Burdizzo, ƙarfen nan mai kama da babbar filaya da wani likita ɗan Italiya ya ƙirƙiro, wanda ke murƙushe jijiyar maraina ba tare da an tsaga fata ba. Minti biyu an gama, taure ya miƙe ya kama kiwo. Muzuru ba ya ɗaukar wannan. Marainansa ƙanana ne, manne suke a ƙarƙashin wutsiya, kuma ba a haifi wanda zai danne shi ido biyu a taɓa wurin ba. Masu ɗaure wa kyanwa roba a gida, wai abin ya bushe ya faɗi, azaba kawai suke gana mata, sau da yawa kuma wurin ruɓewa yake yi.

Rabin gwanintar likita tana ƙarewa ne kafin ya ɗauki wuƙa. Zai naɗe muzurun da tawul ya bar kai a waje, ya ɗaga leɓe. Haƙoran da suka yi rawaya, fiƙa ɗaya a karye, sun ce masa dabbar ta manyanta, ko da ba za su faɗi shekarunta daidai ba. Dasashi in ya yi fari fat, jini ya yi ƙaranci, wataƙila ƙuma da tsutsar ciki sun sha rabonsu. Zai kama fatar wuya ya ja ya saki. In ta tsaya a tattare ba ta koma nan take ba, jiki ba ruwa. Zai saurari zuciya, ya lalubi ƙoda ta cikin ciki, domin ita ce ta fi saurin gazawa a tsohuwar kyanwa, kuma ita ce za ta fitar da maganin barcin. Zai shafa kumatun nan masu kauri da muzurun da ba a fiɗiye ba ke yi, yana neman ƙurjin cizo da ya tara mugunya a ƙarƙashin gashi. Sannan ya tabbatar 'ya'yan marainan biyu duk sun sauko, don in ɗaya ya maƙale a ciki, aikin ya zama na buɗe ciki.

Tsufa shi kaɗai ba ya hana fiɗiya. Muzuru mai shekara takwas da lafiyarsa ya fi ɗan shekara biyu mai zawo da majina dacewa da tebur. Ni dai likitan da na fi yarda da shi shi ne wanda zai iya cewa "ba yau ba": a koma da shi gida, a ba shi maganin tsutsa, a wanke ƙurjin, a ciyar da shi mako biyu, a dawo. Yana iya rasa kuɗin aikin ke nan, tun da ba kowa ke dawowa ba.

Ranar aiki ana kawo shi da yunwa, ba a ba shi abinci tun dare, don kada ya yi amai cikin barci ya shaƙe. Sai sikeli, wanda ba a tsallake shi. Muzuru kilo uku ne zuwa biyar, kuma da nauyin ake auna allura, abin da ke tsakanin barci da mutuwa ɗan ɗigo ne a sirinji. A nan ƙasar an fi haɗa ketamin da zailazin. Cikin 'yan mintuna kai ya langaɓe, amma idanu na nan a buɗe suna kallon bango, abin da ke tsorata mai dabba in ya leƙo. Likita kan ɗiga musu man ido kada su bushe. A cire gashin wurin, a goge da aidin, a ɗan tsaga fata a kan kowane ɗa, a matso shi waje, a ɗaure jijiyar da zare ko a ƙulla ta da kanta, a yanke. Yawanci ko ɗinki ba a yi, tsagar kan haɗe da kanta. Yankan bai kai tsawon lokacin da aka ɗauka ana fito da muzurun daga buhu ba.

Farkawa ita ce wurin tsaro. Jikin dabbar da aka sa barci yana sanyi, don haka da hunturu sai an lulluɓe shi, a watan Afrilu kuwa, da zafin Sakkwato ke haura digiri 40, sai an nema masa inuwa da iska. Yana tashi yana tangaɗi, yana iya faɗowa daga tebur ko ya ciji hannun da ya sani. Gargaɗin da likita ba ya gajiya da maimaitawa shi ne na farasitamol. Mutum ya ga dabbarsa na jin zafi, ya ɓare ƙwaya ɗaya cikin tausayi, alhali hantar kyanwa ba ta iya sarrafa shi, ƙwaya ɗaya na kashe ta. Haka maganin kaska na karnuka da shanu mai sinadarin fametirin. A kulle muzurun a ɗaki kwana kaɗan, nesa da ƙuda da turɓaya, a bar likita ya ba da maganin zafin da ya dace.

Fiɗiyar mace kuwa babban aiki ne, don sai an buɗe ciki an cire mahaifa da ma'ajiyar ƙwai, an ɗinke, a jira kwana goma ko fiye. Amma ita ce ke rage yawan 'ya'yan da ake tsinta a kwali bakin bola: cikin kyanwa kwana 63 ne zuwa 65, tana iya haihuwa sau biyu ko uku a shekara, kuma tana iya ɗaukar ciki tun ba ta cika wata shida ba.

A garin malamai dole tambayar halacci ta taso, kuma likita yakan sha ta. Risala ta Ibn Abi Zaid, da ake karantawa a zaurukan garin, ta halatta fiɗiye tumaki da awaki saboda gyaran nama, ta kawo hani a kan dawaki. Kyanwa ba a cin ta, shi ya sa malamai suka saɓa. Cikin na zamani, Ibn Usaimin ya ga babu laifi in kyanwoyi sun yi yawa suna cutarwa kuma aikin ba zai cutar da su ba. Kowa kuma ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare ba ci ba sha. Likita mai hankali ba ya ba da fatawa. Yakan bayyana abin da zai yi da yadda ake kashe zafin, ya ce a je a tambayi malam.

Ba ya kuma yin alkawarin da ya fi ƙarfinsa. Warin fitsari yana raguwa cikin makonni, faɗa da yawo su ja baya, mafi yawan muzurai su daina feshi. Sai dai wanda ya shekara shida yana yi, wani lokaci ya zame masa ɗabi'a, ba zai koma kyanwar Lami dare ɗaya ba. Yana ma iya yi wa mace ciki har zuwa wajen mako shida bayan aikin. Tun da ga shi a hannu, ana haɗa masa da allurar rigakafin haukan kare, domin kyanwa ma na ɗauka, kuma wannan da yara zai riƙa kwana.

Tambayar ƙarshe a bakin ƙofa kusan kullum ɗaya ce: "To, zai ci gaba da kamun ɓera?" Zai ci gaba, farauta ba daga maraina take ba. Abin da zai sauya shi ne ci: zai ƙara son abinci ya rage zirga-zirga, don haka likita kan ce wa uwar gida ta rage hannu wajen zuba masa, ta kuma ajiye masa ruwa mai tsabta kullum saboda ƙodar.