Lens Ɗin Makro: Yadda Ake Zaɓar Wanda Zai Ɗauki Ƙananan Abubuwa Kuma Ya Ɗauki Fuskar Mutum

Matasa da yawa da suka fara ɗaukar hoto da waya suna kaiwa matakin da wayar ba ta biya musu buƙata. Mai sayar da zobba da sarƙoƙi a Instagram yana son dutsen zobe ya fito ƙal, mai lalle tana son a ga siririn zanenta, shi kuma mai ɗaukar hoton biki yana son lens ɗaya da zai ɗauki zoben amarya, ya juya ya ɗauki fuskarta. Lens ɗin makro yana yin aikin biyu, amma kuɗinsa ba kaɗan ba ne, kuma wanda ya sayi wanda bai dace ba zai yi ta cizon yatsa.

Me ake nufi da makro?

Abu na farko da za a duba shi ne lambar girmamawa, wadda ake rubutawa 1:1 ko 1:2. Ma'anar 1:1 ita ce hoton abu yana faɗawa kan sensar kyamara da ainihin girmansa. Babbar sensa tana da faɗin milimita 36 da tsawon 24. Ƙaramin layin waya, wato nano SIM, tsawonsa milimita 12 ne da ɗoriya, don haka a 1:1 zai cika kashi ɗaya cikin uku na faɗin hoton. A 1:2 kuwa rabin haka zai cika.

A nan ake yawan yaudarar masu saye. Akwai lens masu zuƙowa irin 70-300mm da aka rubuta "Macro" a jikinsu, alhali ba sa wuce 1:2, wasu ma ba sa kaiwa. Lens ɗin 18-55mm da ke zuwa da kyamara yana tsayawa ne a wajen 1:3. Saboda haka lambar ake dubawa, ba rubutun jiki ba. Kamfanin Nikon kuma "Micro" ko "MC" yake rubutawa a nasa.

Tazarar aiki

Kamfanoni suna rubuta mafi kusancin da lens zai iya saita abu, amma daga sensa suke aunawa, ba daga bakin gilashi ba. Canon EF 100mm f/2.8L yana saiti a santimita 30, amma idan aka cire tsawon lens ɗin da kaurin kyamara, abin da ya rage tsakanin gilashi da abin da ake ɗauka kamar santimita 13 ne. Nikon 40mm f/2.8G yana saiti a santimita 16, abin da ke raguwa bai wuce santimita 5 ba. A wannan kusancin, lens ɗin kansa yana tare haske, inuwarsa ta faɗa kan zoben, ƙwaro kuma ya tashi tun kafin a danna. Gajeren makro ya fi araha da sauƙin ɗauka, kuma ya wadatar ga abinci, takardu da yadi. Ga ƙwari da kayan ado masu ƙyalli, 90mm zuwa 105mm ya fi.

Ɓangaren hoton fuska

Abin da ke kumbura hanci a hoton selfi kusanci ne. Idan kyamara ta matso, hanci ya fi kunnuwa kusa da ita sosai, sai ya fito ƙato. Lens mai 85mm zuwa 135mm yana tilasta wa mai ɗauka ja da baya, fuska ta fito daidai. Wannan ne ya sa makro mai 90mm ko 100mm ya zama jifa ɗaya tsuntsu biyu. Tamron ya fara fitar da 90mm ɗinsa a 1979, kuma har yau masu hoton fuska suna neman jikokinsa. Akwai kuma Sony FE 90mm f/2.8, Sigma 105mm f/2.8 da Nikon Z MC 105mm f/2.8. Canon RF 100mm na 2021 ya ma wuce 1:1, yana kaiwa ninki 1.4.

Sai dai dole a san girman sensar kyamarar. Ƙananan kyamarori irin Canon 700D ko Nikon D5300 suna da ƙaramar sensa, inda ake ninka lambar da 1.6 a Canon, 1.5 a Nikon. Ke nan 100mm a kan Canon 700D yana gani kamar 160mm, kuma kafin a ɗauki mutum daga kai zuwa ƙugu sai an ja baya mita huɗu ko fiye. A ƙaramin shagon hoto bango zai tare mutum. Ga irin wannan kyamara, makro mai 60mm ya fi dacewa.

Makro yana da nasa gazawar a hoton fuska. Yawancinsu f/2.8 ne, ba za su narkar da bayan mutum kamar 85mm f/1.8 ba. Saitinsu kan yi jinkiri saboda nisan da gilashin ke tafiya, shi ya sa ake sa musu maɓallin taƙaita saiti a gefe. Kuma kaifinsu ba ya rufa wa ƙuraje asiri. Wanda fuska ce kashi tara cikin goma na aikinsa zai iya duba Canon RF 85mm f/2, mai tsayawa a 1:2. Shi kuwa Canon MP-E 65mm, duk da yana girmama abu har ninki biyar, ba ya saita abu mai nisa ko kaɗan, don haka ba ya ɗaukar fuska.

Haske da rawar hannu

A 1:1 da f/8, kaurin wurin da ke fitowa tas bai wuce milimita ɗaya ba. Sannan hasken da ke isa sensa yana raguwa zuwa kashi ɗaya cikin huɗu, f/2.8 ya koma kamar f/5.6. Don haka a ware kuɗin filasha da abin tausasa haskenta, ko matsayi mai ƙafa uku. Fasahar hana rawar hannu, wadda Canon ke kira IS, Nikon VR, Sony OSS, tana taimakawa sosai a hoton fuska, amma ƙarfinta yana raguwa idan an matso sosai.

Mai waya kaɗai fa?

Kyamarar makro mai megafiksel 2 da ke kan wayoyi masu araha tana saiti ne a wuri ɗaya, kusan santimita 4, kuma hotonta ba ya da inganci. Sau da yawa gara a ɗauka da babbar kyamara daga ɗan nesa a yanke hoton. iPhone 13 Pro da ire-irenta suna amfani da kyamara mai faɗi su matso har santimita 2. Lens ɗin da ake maƙalawa a bayan waya ma ya isa a gwada ko mutum yana son harkar kafin ya zuba kuɗi.

Kafin a biya kuɗi

Wanda zai sayi na hannu ya je da kyamararsa. Ya haska fitilar waya ta cikin gilashin: ƙurar hunturu kaɗan ba matsala ba ce, amma farin zare mai kama da saƙar gizo-gizo fumfuna ce, a bar shi. Ya tabbatar bakin lens ɗin ya shiga kyamararsa. Masu Nikon D3000 zuwa D5600 su lura cewa tsofaffin lens masu alamar AF-D ba sa saita kansu a kan waɗannan kyamarori, amma masu AF-S suna yi. Daga nan ya ɗauki layin wayarsa a mafi kusanci, ya ɗauki fuskar mai shagon daga mita biyu, ya buɗe hotunan biyu ya duba su da kyau kafin ya tura kuɗi.