IN KIFI YA MUTU A TAFKI, LAIFIN WA?

Jama'a manoman auduga, ga wani labari daga ƙasar Kenya, ku saurara, gama ya shafe mu.

Akwai wani tafki can wanda a ke kira Naibasha, arewa maso yamma da birnin Nairobi. Gonakin furanni sun kewaye shi, ana sayar da furannin a Turai. A cikin watan Fabrairu na 2010 aka wayi gari kifi ya mutu da yawa, yana yawo bisa ruwa. Nan da nan jaridu suka ɗauka, aka ce maganin ƙwari ne na masu furanni ya gangara tafki. Amma da ma'aikatan binciken kifi suka auna ruwan, sai suka ce iskar da kifi ke shaƙa cikin ruwa ce ta ƙare. An yi fari a 2009, tafki ya janye, sa'an nan ruwan sama ya zo da ƙarfi ya kwaso taki da shara ya zuba ciki. Abin nan da ya ruɓe shi ya cinye iskar.

To, wa za a gaskata? Ni dai a ganina mai jarida ya yi gaggawa, don ya faɗi dalili tun ba a auna ba. Amma kuma kada wannan ya sa mu ce magani ba ya kashe kifi. Yana kashewa ƙwarai. A watan Yuni na 1969 wani magani mai suna endosulfan ya shiga kogin Rhine a Jamus, kifi ya mutu ba iyaka. Wannan maganin ne kuwa aka kawo wa manoman auduga na yammacin Afirka sa'ad da tsutsar ƙwallon auduga ta daina jin maganin da aka saba. A kakar 1999 zuwa 2000 ya kashe mutum 37 ko fiye a lardin Borgu na ƙasar Benin. Benin ta hana shi a 2008, ƙasashen duniya kuma suka yarda a daina shi a 2011. In ka gan shi a kasuwa, kada ka saya ko da araha. Har wa yau, irin su cypermethrin da mu ke fesawa, ɗan kaɗan ya isa ya kashe kifin kududdufi.

Mu nan gonakinmu da yawa suna zubar da ruwansu cikin rafuka, rafukan kuwa Binuwai su ke faɗawa, ko tafkin Lagdo. Ran da kifi ya mutu can, mai auduga za a fara nuna wa yatsa, ko da laifinsa ko babu. Saboda haka ya kamata kowa ya san yadda a ke rarrabewa.

In iska ce ta ƙare, da asuba abin ya fi tsanani. Za ka ga kifi ya taso yana buɗe baki a saman ruwa. Manya ne su ke fara mutuwa, ƙanana su tsira. Ruwan ya kan sake launi, ya yi wari. Tarwaɗa ba ta cika mutuwa ba, domin tana iya shaƙar iska a waje, kwaɗi kuma suna nan suna kukansu.

In dafi ne, ba ruwansa da lokaci, ko da tsakar rana. Ƙananan kifi su ke riga faɗuwa, suna juyi kamar masu farfaɗiya. Talibambam da ƙaguwa da ƙwarin ruwa duk su tafi tare. In ka ga tarwaɗa ma ta mutu, lalle akwai abin tambaya.

Wannan duka alama ce kurum, awo ne ke yanke hukunci. A ɗebi ruwan ran nan cikin kwalba mai tsabta, a rufe, a ajiye wuri mai sanyi, a kai wa malamin gona ko ma'aikacin kifi da sauri, gama waɗansu magunguna ba su daɗewa cikin ruwa, bayan 'yan kwanaki ba a samunsu. Kifin da aka tsinta matacce kuwa kada a ci, kada a banda shi a kai kasuwa.

Saura abin da ke hannunmu. Na sha tarad da mutum ya gama feshi ya sauka rafi yana ɗauraye famfonsa, mata kuwa suna ɗiban ruwa ƙasa da shi kaɗan. Ka ɗebo ruwa a bokiti, ka wanke famfo cikin gona, ka zubar da ruwan wankin nan tsakanin kunyoyi, nesa da rijiya. Kada ka yi feshi in hadari ya haɗu, ruwa zai wanke magani ya kai shi fadama, kuɗinka kuma ya tafi a banza. Galan ɗin da ya ƙare a ɗauraye shi sau 3, a zuba ruwan cikin famfo, a huda gindinsa don kada yaro ya ɗauka ya sa nono ko man gyaɗa, sa'an nan a kawo mini shi ran da na zo zagaye.