In Fayil Ya Ƙi Buɗuwa, Kada A Ɓalle Ƙofa

Daga Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu zuwa sakatariyar ƙaramar hukumar Gwaram, takardun da ake riƙewa amana ce: bayanan marasa lafiya, jerin albashi, sakamakon jarabawa. Duk ofishin da ya tara irin waɗannan a kwamfuta ɗaya domin ma'aikata su riƙa ɗauka ta hanyar sadarwa, wata rana zai ji koken nan: "Jiya na buɗe, yau ya ƙi."

Sau da yawa na'urar lafiyarta ƙalau. Abin da ya rikice shi ne izini, wato wa ke neman shiga, kuma me aka yarje masa.

A Windows ƙofa biyu ce, kamar zaure da ɗaki. Akwai izinin rabawa, akwai kuma izinin NTFS da ke kan foldar kanta, kuma wanda ya fi tsauri shi ke aiki. Haka nan, in an hana mutum a fili, hanin yakan rinjayi yardar da ya samu ta rukuninsa. Don haka mai gyara ya duba duka biyun, sannan ya tabbatar kwamfutar ba ta riƙe tsohuwar kalmar sirri ba.

A Linux kuwa lissafi ne: karatu 4, rubutu 2, aiwatarwa 1, ana ba mai fayil nasa, rukuni nasu, sauran jama'a nasu. Tsarin raba fayil na NFS, wanda kamfanin Sun Microsystems ya ƙirƙiro a 1984, a yadda aka saba kafa shi lambar mai amfani yake dubawa, ba sunansa ba. Wanda lambarsa 1000 a wannan kwamfuta, 1001 a waccan, baƙo ne a wurin kwamfutar da ke ajiye fayilolin.

Akwai kuma matsalar da ɗauke wuta ke tonawa. In ƙaramin batirin agogon kwamfuta ya mutu, lokaci yakan kauce, shi kuwa tsarin tantancewa na Kerberos ba ya yarda da saɓanin da ya wuce minti 5. A gyara agogo kafin a taɓa izini.

Babban haɗarin yana cikin gaggawa. Mai gyara ya gaji, ya buga chmod 777, kowa ya samu damar karantawa da sauyawa. Koke ya ƙare, amma asirin mara lafiya da albashin ma'aikaci sun zama na kowa. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora wa duk mai riƙe bayanan jama'a alhakin tsare su.

Shugabannin ofisoshinmu su ba da izini ta rukuni, kowane sashe da nasa, su daina barin mutum biyar suna shiga da suna ɗaya, su kuma rufe asusun duk wanda aka yi wa canjin wurin aiki. Rigakafi ya fi magani, kuma amanar jama'a ce a hannunsu.