'Yan Aikin Gida Baƙaƙen Fata a Ƙagaggun Labaran Kudancin Ƙasar Amurka

Bayan an soke bauta a Amurka a 1865, jihohin kudancin ƙasar sun kafa dokokin wariyar launin fata da aka fi sani da dokokin Jim Crow, waɗanda suka raba farare da baƙaƙe a makarantu da motocin haya da asibitoci, kuma Kotun Ƙoli ta ɗaure musu gindi a shari'ar Plessy da Ferguson ta 1896. Sai dai akwai wurin da rabuwar ba ta yiwu ba, wato cikin gidajen fararen kansu, inda mata baƙaƙen fata ke girki da wanki da rainon yara, alhali ta ƙofar baya suke shiga. Hukuma ma ba ta tsaya musu ba, domin dokar fansho ta 1935 da ta mafi ƙarancin albashi ta 1938 duk sun tsallake 'yan aikin gida, kuma sai a 1974 ta biyun ta game da su. Marubuta da dama sun gina labaransu kan wannan zama na kusa da juna ba tare da daidaito ba, kuma abin da ya fi bambanta littattafan shi ne ko labarin yana raka 'yar aikin zuwa nata gidan, ko kuwa yana sallamarta a bakin ƙofar iyayen gidanta.

Siffar da ta daɗe tana cin kasuwa ita ce wadda ake kira Mammy, wato baƙar mace mai jiki da biyayya, wadda ba ta da wani buri sai jin daɗin gidan da take yi wa hidima. Littafin Gone with the Wind na Margaret Mitchell, wanda ya fito a 1936, ya yayata ta, kuma Hattie McDaniel da ta fito a matsayinta a fim ɗin 1939 ita ce baƙar fata ta farko da ta ci kyautar Oscar, ko da yake a gefen zaure aka zaunar da ita a daren bikin. Harper Lee ta ɗan matsa gaba a To Kill a Mockingbird na 1960, inda Calpurnia, mai girkin gidan lauya Atticus Finch, ta kai yaransa cocinta, har 'yarsa Scout ta yi mamakin jin ta tana magana da wani salo dabam cikin 'yan uwanta. Duk da haka, da idon yarinyar ake kallon Calpurnia, mai karatu bai taɓa taka gidanta ba.

Da marubuta mata baƙaƙe suka karɓi alƙalami, sai ma'auni ya sauya. A cikin The Color Purple na Alice Walker, wanda ya fito a 1982, matar magajin gari a wani ƙaramin garin Jojiya ta yaba tsabtar 'ya'yan wata baƙar mace mai suna Sofia, ta nemi ta zama 'yar aikinta. Sofia ta ƙi, magajin garin ya mare ta, ta rama, 'yan sanda suka yi mata jina-jina aka ɗaure ta, daga bisani aka kai ta gidan da ta ƙi ta ƙarasa wa'adinta. Bayan shekara biyar ba ta ga 'ya'yanta ba, uwar ɗakin nata ta kai ta gida a mota da alkawarin za ta wuni, amma da yake ba ta iya mayar da mota baya ba, kuma ta ƙi yarda wani baƙon namiji baƙar fata ya raka ta, ziyarar ta ƙare cikin minti 15. Walker ta nuna cewa matar ta yi imani alheri ta yi, kuma a nan ne zafin labarin yake. Toni Morrison kuwa, a The Bluest Eye na 1970, ta bi Pauline Breedlove, haifaffiyar Alabama da ta yi ƙaura zuwa Ohio, wadda ta doki 'yarta Pecola don ta ɓarar da abinci a kicin ɗin iyayen gidanta, sannan ta juya tana rarrashin farar yarinyar gidan.

Littafin The Help na Kathryn Stockett, wanda ya fito a 2009 aka mayar da shi fim a 2011, shi ne yawancin masu karatu na yau suka fi sani. Labarin yana gudana a Jackson ta jihar Misisipi a farkon shekarun 1960, lokacin da aka kashe ɗan fafutuka Medgar Evers, kuma ya ƙunshi yunƙurin wata farar mace na tilasta gina wa 'yan aiki banɗaki dabam a wajen gida. Littafin ya bai wa 'yan aiki Aibileen da Minny damar magana da bakinsu, ya kuma shiga gidajensu, wanda ba ƙaramin abu ba ne. Amma farar budurwa Skeeter ce ke tattara labaran 'yan aikin, ita ce kuma ta samu aiki a New York a ƙarshe, yayin da aka kori Aibileen bisa ƙazafin sata. Ƙungiyar mata baƙaƙe masana tarihi ta soki littafin da fim ɗin a 2011 saboda sun sassauta batun cin zarafin da mazan gida ke yi wa 'yan aiki, sannan a 2018 Viola Davis, wadda ta fito a matsayin Aibileen, ta ce ta yi nadamar fitowar, domin a ganinta ba muryar 'yan aikin aka ji ba.