Daga Garmahon Baba Zuwa Famfon Sola: Injin Da Ya Tsaya Da Kansa Magana Yake Yi

Wanda ya taso a gidan da ake da garmaho zai tuna abin da yake ba yara mamaki. Waƙar Shata ko ta Ɗan Maraya tana ƙarewa, sai hannun da ke ɗauke da allura ya ɗaga da kansa, ya koma mazauninsa, faifai ya daina juyawa. Babu wanda ya taɓa shi. Muna yara a Kura, mun ɗauka akwai aljani a ciki.

Watannin baya muka fito da garmahon marigayi mahaifinmu daga ɗakin ajiya. Yana yi, amma waƙa ba ta kai rabi sai hannun ya ɗaga. Wani yaro mai gyaran waya ya ce mu bari ya yanke wayar da ke sa shi tsayawa, a huta. Sai muka kai wa wani dattijo mai gyaran rediyo. Ya buɗe, ya nuna mini, ya ce: "'Yata, lafiyarsa ƙalau, ƙura ce da yanar gizo-gizo suka shiga masa ido." Ya goge, ya rufe, shi ke nan.

Ga abin da ke ciki. Garmaho mai sarrafa kansa yana da aiki biyu da allon lantarkinsa ke lura da su. Na farko shi ne gudun faifai. Babban faifai, irin wanda kamfanin Columbia na Amurka ya fitar a 1948, yana juyi 33 da sulusi a minti ɗaya. Ƙarami, wanda RCA ya fitar a 1949, yana juyi 45. Idan gudun ya ragu murya za ta yi kauri, idan ya ƙaru za ta yi siriri. Don haka a ƙarƙashin farantin akwai zoben maganaɗisu da ke wucewa ta gaban naɗaɗɗiyar waya, yana haifar da bugun lantarki. Allon yana ƙirga bugun, ya gwada shi da ma'aunin da ba ya canzawa, a wasu samfuran irin ɗan dutsen da ke cikin agogon hannu mai batir. In gudun ya gaza, ya ƙara wa injin wuta. In ya wuce, ya rage. Kamar yadda muke riƙe hannun majinyaci muna ƙirga bugun jini muna kallon agogo.

Na biyu shi ne gane ƙarshen waƙa. Layukan da ke kan faifai zare ɗaya ne da ya nannaɗe zuwa tsakiya. Inda akwai waƙa layukan a matse suke, hannun yana matsawa a hankali. Bayan waƙar ƙarshe sai su buɗe, hannun ya zarce ciki da sauri. A gindin hannun akwai ɗan faifan ƙarfe da ke ratsawa tsakanin ƙaramar fitila da wani ido mai jin haske. Da zarar hasken ya canza da sauri, allon ya gane an zo ƙarshe, sai ya ba da umarni a ɗaga hannu, a mayar da shi, a kashe inji. Da mun yanke wayar nan, allura za ta yi ta zagaye a layin ƙarshe har ta cinye, ga shi yanzu samunta sai an sha wuya.

Ido mai gani, allo mai gwadawa, sannan hannu mai aikatawa. Wannan tsarin bai mutu da garmaho ba, yana nan a gonakinmu. Ruwan Dam ɗin Tiga, wanda aka kammala a 1974, yana gangarowa ta magudanai zuwa Kura, Bunkure da Garun Malam. Amma gonar da ruwan bai kai gare ta ba sai da inji. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, manoman rani da yawa sun koma famfon sola. Akwatin da ke tsakanin farantan sola da famfon, wanda masu gyara ke kira kwantirola, ɗan'uwan allon garmaho ne. Yana da ido a cikin rijiya ko kuma yana lura da yawan wutar da famfo ke ja. Idan ruwa ya janye, sai ya kashe famfon, domin ruwan ne ke sanyaya shi. Famfon da ya juya a bushe zafi yake yi har ya ƙone.

A nan ake yin kuskure. Rana ta take, tumatir ko albasa na jin ƙishi, famfo ya tsaya, sai a kira wani ya tsallake na'urar ya haɗa waya kai tsaye. Ruwa zai zo na ɗan lokaci, daga baya a wayi gari famfon da aka sayar da buhunan shinkafa aka saya ya mutu a tsakiyar kakar rani. Ga kuma haɗari ga rai: farantan sola da aka jera suna iya ba da wuta sama da bolt 100, ƙasa a jiƙe, yara suna yawo ba takalmi. A wurin aiki ma nakan ga irin haka. Na'urar iskar oksijin ta fara ƙara, sai mai jinya ya nemi yadda zai kashe ƙarar don majinyaci ya yi barci, alhali ƙarar ce ke cewa bututu ya lanƙwashe ko iska ta ragu.

Don haka maigida da uwargida, idan inji ya tsaya da kansa, ku fara tambayar me ya gani. Ku duba ko ruwa ya ja baya, ko tankin ya cika, ko ƙurar hunturu ta rufe farantai, ko laka ta manne a idon cikin rijiya. Ku kashe wuta kafin a taɓa waya. In abin ya fi ƙarfinku, ku nemi mai gyaran da zai gyara idon, ku guji wanda zai tsone shi.

Garmahon Baba yanzu yana ɗakin Inna. Idan faifai ya ƙare takan dakata ta ga hannun ya koma mazauninsa, sannan ta ce a juya mata ɗaya gefen.